Jelar Rigar Kawu Merle

Cold Fork, 9 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga ɗan ƙanwata Lyle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran nan biyu da ban taɓa gani ba sai a hoton Kirsimeti. Yaya aiki, yaya zafin California? Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa, shi kuwa ya riga ya zama ɗan gida. Uwarka Verna tana nan ƙalau, jiya na gan ta a coci da sabuwar hula.

Shekara goma ke nan ina haɗiye wata magana, yau ta ƙi wucewa ta maƙogwaro. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san a aji huɗu aka cire ni aka kai ni injin katako, kuma ban nemi kowa ya rubuta mini wannan ba, don ba maganar da za a sa baki na uku ba ce.

Ranar da aka fara nuna kashi na huɗu na katun ɗinka na zane mai motsi, Gidan Su Brumble, wanda suka tafi farauta, garin nan kaf ya taru a zauren 'yan kwana-kwana, don ɗanmu ya shiga talabijin. Na sa kwat, na ɗaura laktaye, abin da ban yi ba tun jana'izar matata. Ina zaune a layin gaba sai ga wani tsoho ya fito a allo da riga mai dara-daran ja da baƙi, da hula mai kunnuwa, da tsinken sakace a gefen baki, yana irin tarin nan nawa mai hawa biyu. Barewa ta zo ta tsaya a gabansa, taku goma, har tana hamma. Ya ɗaga bindiga ya harbi sama, gajimare ya sace kamar tayar keke. Sunansa kuwa Tsoho Harbi-Sama. Lyle, sunan da ake kirana da shi a garin nan tun 1968 ka ɗauka, ko wasali ba ka canza ba.

Zaure ya kece da dariya. Delmar Kephart, shugaban bukkarmu ta farauta, ya dinga dukan bayana yana share hawaye, yana cewa, "Merle, ka zama abin kallo! Har tarin, wallahi har tarin!" Ni ma na yi dariyar. To me zan yi? Uwarka tana gefena, fuskarta kamar an kunna fitila.

Na yi ta nema maka uzuri. Na ce yaro ba shi kaɗai yake yi ba, ɗaki guda ne na masu tabarau suke rubutawa, wataƙila ya ba su labarin da kyau suka lalata. Da wannan na riƙe kaina shekara goma, ana maimaita kashin nan duk lokacin farauta, yara suna nuna ni da yatsa a gidan mai.

Sai ranar Alhamis da ta wuce. Na shiga gidan abincin Twila shan kofi kamar kullum, na tarar ta sayo wani littafi mai kauri da aka jera duk ƙananan abubuwan da kuka ɓoye a cikin wasan, kashi bayan kashi. Ta jingina da kanta tana karanta wa jama'a. Wai lambar motar Tsoho Harbi-Sama lambar a-kori-kurata ce ta gaske. Haka ne, na duba. Wai karen da ke barci a ƙarƙashin murhu sunan karyata Dolly aka ba shi, wadda ta mutu kana sakandare. Wai agogon bango da ya tsaya a bakwai da minti goma lokacin da aka yi harbin gaske ne. Wai ƙyallen da ke bango mai rubutun M.H. 1968 jelar rigata ce. Kowane ɗaya ta karanta sai su ce "A'a!" su waiwayo su dube ni, kamar an kai su gidan namun daji.

Duk wannan da sauƙi. A ƙasan shafin aka sa maganarka, daga bakinka, da sunanka. Na sa Twila ta karanta sau biyu, sannan na karɓa na bi da yatsa da kaina. Ka ce: "Kawuna shi ne mafi rashin iya harbi a duk gundumarmu. Ya kuskure barewa daga taku goma, da idona na gani."

Da idonka.

Ka san dokar bukkarmu. Wanda ya harbi barewa ya kuskure, da yamma a yanke jelar rigarsa, a buga ta a bango da ƙusa, a rubuta sunansa da shekara. Shekara goma sha tara na yi a bukkar nan kafin wannan rana, wuƙa ba ta taɓa kusantar rigata ba. Je ka tambayi bangon. Kuma a safiyar nan ma ban kuskure ba. Ni na ɗaga bakin bindigar da hannuna, kai kuwa ka fi kowa sanin abin da ke bayan barewar nan.

Ga abin da nake so. Mu tara ne manya a bukkar ranar, yau saura ni da Delmar. Shi ya riƙe wuƙar. Huhunsa ya gama aiki, yana kwance da bututun iska a hanci, likita ya ce da wuya ya ga sabuwar shekara. Ka buga masa waya ka gaya masa gaskiya kafin ya tafi. Ba na neman ka faɗa a talabijin, ba na neman a sake buga littafi. Mutum ɗaya kawai. Ni ba zan faɗa ba, don namiji ba ya wanke kansa da bakinsa, in ma na faɗa yanzu cewa za a yi tsufa ne ya zo da ƙarya.

Adireshin ofishinku na samu a bayan littafin. Ka gai da iyali.

Kawunka,
Merle Hockenberry


Cold Fork, 6 ga Nuwamba, 2000

Lyle,

Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da mutanen gidanka. Sanyi ya fara sauka a nan, na tara itace, na rufe tagogin baya. Uwarka ta yi mura amma ta warware.

Kwalinku ya iso. Da mai kawo wasiƙu ya miƙo mini, na ga tambarin ofishinku, sai da na wanke hannu kafin na buɗe. Na zauna a teburin kicin na sa tabarau. A ciki akwai takarda bugun inji da ta fara da "Ya kai masoyin Gidan Su Brumble", ta ce kun ji daɗin jin ra'ayina, in ci gaba da kallo duk Lahadi. Sa hannun ma bugawa aka yi, na jiƙa yatsa na goga, bai goge ba. A ƙarƙashinta kuma 'yar tsana ce ta Tsoho Harbi-Sama. In ka matsa cikinta sai ta yi tari sau biyu ta ce, "Af, ta gudu!"

Ban san ko ka ga wasiƙata ba, ko wata yarinya ce a ofis ta buɗe ta jefa a kwando ɗaya da na 'yan makaranta. Ban san wanne ya fi ciwo ba. 'Yar tsanar dai tana cikin murhu. Ta yi wari sosai, sai da na buɗe ƙofa.

Littafin nan ya jawo mini baƙi. Asabar ɗin nan ina gyaran shinge sai ga samari biyu daga Ohio a wata ƙaramar mota, ɗaya da ɗan kunne a gira. Suka tsugunna a bayan a-kori-kurata suna ɗaukar lambar hoto. Mai ɗan kunnen ya ce, "Baba, kai ne shi? Kai ne na asalin?" Na ce ni ne wa? Ya ce don Allah in riƙe manjagara in nuna sama su ɗauka, sau ɗaya kawai. Na ce masa, "Ɗan nan, in na ɗaga manjagarar nan ba sama zan nuna ba." Suka shiga mota suna dariya, ɗayan yana cewa, "Kai, har fushin iri ɗaya ne!" Ka gani? Ko fushina yanzu ba nawa ba ne, naka ne, ka riga ka sayar.

Tunda ka yi kamar ka manta, bari in tuna maka wasu abubuwa. A bazarar 1968 dutse ya faɗo wa ubanka Glenn a wurin fasa duwatsu. Kana da shekara goma sha biyu. Wata uku ba ka yi wa kowa magana ba, sai ka zauna a ƙarƙashin matakala kana zane a bayan kwalin hatsi. Verna ta zo gidana tana kuka ta ce, "Yaya, yaron nan zai lalace mini, ka yi wani abu." Ni na ɗauke ka. Ni na koya maka share bindiga da karanta sawu da zama shiru har ƙafa ta mutu. Ni na tsaya a gaban maza takwas na ce a ba ka gadon kwanan ubanka a bukka, Delmar yana cewa ka yi ƙanƙanta, na ce in ka yi laifi a kaina. A daren farko a bukkar ka yi dariya, na farko tun jana'iza. Na ji ta da kunnena, na juya fuska bango don kada su ga idona.

Kuma ka san bukkar tana da doka ta biyu, wadda ta fi ta jelar riga nauyi. Wanda aka ajiye a wurin dako, in ya bar wurin alhali masu koro barewa suna cikin daji, an kore shi ke nan har abada, ko ɗan wane ne. An kori ɗan fasto a kanta a 1959. To wa ya bar wurin dakonsa a safiyar nan, Lyle? Ba ni ba ne.

Da yamma suka kewaye ni. Delmar ya wasa wuƙa a tafin takalminsa yana cewa, "Juyo, gwani, yau ranarka ce." Rigar da matata ta ɗinka mini ce. Kana zaune a kan gadon ubanka kana kallo. Ban dube ka ba, don kada wani ya bi idona.

Shekara talatin da biyu. A wurin jana'iza, a wurin biki, a layin zaɓe: "Harbi-Sama, yaya gajimare?" Na ɗauka ba komai, don ina ganin akwai mutum ɗaya a duniya da ya sani, kuma in mun haɗa ido a teburin Kirsimeti mun fahimci juna. Da wannan nake barci. Ashe tsintsiya nake riƙe da ita ba ɗauri.

Delmar ya ƙara ramewa. Matarsa Opal ta ce yanzu ko miya sai an ba shi a baki. Lambar wayarsa tana nan yadda ka san ta, ba ta canza ba tun kana yaro. Minti biyar ya isa.

Na gaishe ka duk da haka.

Kawunka,
Merle


Cold Fork, 4 ga Disamba, 2000

Ɗana Lyle,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina sanar da kai mun binne Delmar Kephart ranar Juma'a. Ƙasa ta yi tauri, sai da aka kawo inji. Allah ya ji ƙansa, ko da yake ina da magana da shi.

Wannan wasiƙar gidanka za ta zo, ba ofis ba. Uwarka ta ce ka hana a ba kowa adireshin gidan saboda masu damu. Na ce mata ni ba kowa ba ne. Na zauna a kicin ɗinta daga safe har la'asar, hulata a gwiwa, ban ci ba ban sha ba, har ta gaji ta rubuta a bayan takardar coci ta jefo mini. Ta ce, "Yaya, taurin kanka ne zai kashe ka." Ban gaya mata dalili ba, ba kuwa zan gaya mata ba.

Ana jibi bikin godiya na ƙarshen Nuwamba na je duba Delmar. Na tarar an kawo masa gado falo, gaban talabijin. Opal ta ce ba abin da yake yi sai kallon kaset ɗin wasanka, ya fi son kashi na huɗu. Da ya gan ni ya ɗaga yatsa ya nuna silin, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Rufe kanka, gajimare, ga shi nan ya zo." Na ce, "Kai ko mutuwa ba ta koya maka kunya ba." Ya ce in zauna in ga wani abu.

Ya sa Opal ta kai kaset ɗin wurin da barewa take hamma, ta tsayar da hoton. Ya ce in matso. A bayan kafaɗar barewar, cikin ganyen kurmi, akwai wani ɗan ja, bai kai ƙwayar wake ba. In hoton yana tafiya ƙiftawar ido ɗaya ne ya wuce. A tsaye kuwa ba ka da shakka: hula ce, ja, mai tuntu a ka. Opal ta ɗauko littafin ta karanta mana abin da aka ce a kai. Wai masu kallo sun daɗe suna gardama a kan jan abin nan, masu wasan ba su taɓa bayani ba, ana jin kuskuren masu shafa launi ne a ƙasar waje.

Na koma kujerata. Delmar ya ce Opal ta je ta dafa mana kofi. Da ta fita ya ce, "Hular da Verna ta saƙa masa ce, ko?" Na ce ban san abin da kake faɗa ba. Ya ce, "Haba Merle. Ni na biyo layin kora ta wajen. Na ga sawun ƙaramin takalmi a dusar ƙanƙara, daidai bayan inda barewar ta tsaya. Na ga naka ya je ya same shi, na ga kun koma tare. Na sa ƙafa na share."

Na ce, "Ka sani, ka yanke mini riga?"

Ya ce, "Da ban yanke ba, da an tambaye ni dalili."

Na ce, "To shekara talatin da biyu na dariya fa? Shi ma don yaron ne?"

Ya yi tari ya daɗe, sannan ya ce, "A'a. Wannan kam daɗi ta yi mini. Shekara goma sha tara kana cika mana baki."

Ka ji abokin shekara sittin. Na miƙe zan fita, ya riƙe hannun rigata, ƙarfinsa bai fi na kaza ba. Ya ce, "Tsaya, jaki. Ka taɓa gaya wa yaron? Da baki?" Na ce me zan gaya masa, ai yana wurin. Ya ce, "Yana wurin, amma ta wancan gefen. Kai ka ga hula. Shi me ya gani?"

Ban koma ba sai ranar da aka ɗauke shi. Amma tambayar ta biyo ni gida, ta zauna a kujerar matata. Na juya safiyar nan ta kowace fuska, na tarar gaskiyarsa ce a wannan ɗaya: ban taɓa faɗa maka ba. Don haka ga shi, a rubuce, karo na farko.

Litinin ce ta bayan bikin godiya, a 1968. Na ajiye ka a gindin babban itacen nan da tsawa ta tsaga, na ce kada ka motsa ko da daji zai kama wuta. Na gangara nawa wurin. Da gari ya waye sosai na ji masu kora sun taso, sai ga namijin barewa mai ƙaho reshe goma ya fito ya tsaya mini a gicciye, taku goma, irin wanda mutum yake gani sau ɗaya a rayuwa. Na sa shi a ido, bayan kafaɗa. Na riga na fara matsa kunamar bindiga. Sai ganye ya motsa a bayansa, daidai kan layin, na ga jar hula. Ka cire jar rigarka ka bar ta a gindin itace saboda gumi ya dame ka, ka biyo sawun barewar kana rarrafe, kana so ka zama kai ka fara ganinta. Yatsana ya riga ya yi nisa, ba ya komowa. Abin da ya rage mini shi ne in fizge bakin bindigar sama. Harsashin da nake sawa yana ratsa barewa ya wuce, Lyle. Da ya fita ta wancan gefen, fuskarka ce a wurin.

Na zo na kama ka ta wuyan riga, na mayar da kai gindin itacen, na sa maka jar rigarka. Abin da na ce maka kawai shi ne, "Nan kake tun safe, ka ji ko?" Ka gyaɗa kai. Na zaga bayan dutse na yi amai. Shi ke nan maganar da muka taɓa yi a kai.

To yanzu ina da abu biyu a hannu, sun ƙi haɗuwa. Ga maganarka a littafi, ta mutumin da bai san komai ba, wanda ya ga kawunsa ya harbi sama ya ɗauka hannunsa ne ya yi rawa. In haka ne, ba ka ci amanata ba, ni ne wawan da ya yi shekara talatin da biyu yana haɗa ido da yaron da bai san ana kallonsa ba. Ga kuma hular. Ba wanda zai zana hular nan a wurin nan sai wanda ya san abin da na gani ta bakin bindigata. In kai ka sa ta, to ka sani tun farko. Ka sani, ka ɓoye gaskiyar a ƙwayar wake inda sai mai mutuwa da ba shi da aikin yi zai gano ta, ƙaryar kuwa ka yi ta ƙatuwa, ka sa mata tarina, ka kai ta kowane gida a ƙasar nan.

Shekarata saba'in da shida. Wanda zai wanke ni a Cold Fork ya shiga ƙasa da bakinsa a rufe, sunan kuma na san da shi za a binne ni, na daina wannan faɗan. Amma ba zan tafi ban san wane irin yaro na rena ba.

Na sa maka ambulan a ciki, da adireshina da kan sarki, da farar takarda. Ba na son kwali, ba na son bugun inji, ba na son ka aiko ta bakin uwarka. Da hannunka, wanda na koya wa riƙe bindiga. Hular nan, kai ka sa ta, ko ba kai ba ne? Kalma ɗaya ta ishe ni. Kowa ya yi dariyarsa ya gama, yanzu kuma wani ya amsa mini.

Ka amsa mini, Lyle.

Ni ne kawunka, yayan uwarka,
Merle Hockenberry